Kwana Ne Ya Ƙare, Ko Sakaci Aka Yi? Bayani Kan Mutuwar Tsofaffi a Gidajen Kula da Su

  

'Yan'uwa masu karatu, wannan karon na jingine darasin Nahawun da muka saba, saboda wata tambaya da ta zo mini ta hana ni sakat. Wata 'yarmu ce ta aiko da ita, yarinyar da ta yi Ahalari da Ishmawi a hannuna a makarantar dare. Yanzu tana Kanada tare da mijinta, tana aiki a ɗaya daga cikin gidajen nan da ake ajiye tsofaffi ana kula da su. Saƙon murya ta turo, kuma kafin ta kai ƙarshe kuka ya ci ƙarfinta. Ta ce akwai wata tsohuwa a sashen da take aikin dare wadda ba ta iya ɗaukar kofi da hannunta, sai an zauna an ba ta kaɗan-kaɗan. Aka shiga wasu kwanaki ma'aikata suka yi ƙaranci, ita kaɗai a kan mutum ashirin da wani abu. Sai ta ajiye wa tsohuwar ruwa a gefen gado da niyyar dawowa, ƙararrawa ta kira ta wani ɗaki, daga can kuma wani ɗakin, gari ya waye kofi yana nan yadda ta bar shi. Bayan 'yan kwanaki tsohuwa ta rikice, aka kai ta asibiti, aka ce ƙoda ce ta tsaya, ta mutu. Kowa a wurin aikin ya ce tsufa ne. Ita kuwa cewa ta yi: "Malam, don Allah ka gaya mini gaskiya, ina da hannu a cikin ran nan?"

Na amsa mata abin da ya sawwaƙa a lokacin, na kuma nemi izininta in faɗaɗa maganar a nan, domin ba ita kaɗai ba ce. 'Ya'yanmu da yawa daga nan Kamaru da Gana da Nijeriya sun tafi Kanada da Ingila da Faransa a 'yan shekarun nan, kuma wannan yana cikin ayyukan da baƙo ya fi saurin samu a can: wankan tsoho, ba shi abinci, canza masa shimfiɗa. Aiki ne na lada idan an yi shi don Allah, amma rai ne a hannunka.

Kafin mu shiga, bari in kawar da wani abu. Da an ambaci gidan tsofaffi sai mutanenmu su taɓe baki, su ce Turawa ba su san darajar iyaye ba. Akwai masu jefar da iyayensu, ba a musu. Amma da yawa larura ce. Mutane suna daɗewa a duniya, 'ya'ya ɗaya ne ko biyu, miji da mata duk suna fita aiki, ga tsoho ya kamu da ciwon mantuwa, yana iya kunna wuta ya manta ko ya buɗe ƙofa da tsakar dare cikin ƙanƙara. Kuma tanadin hukuma ga gajiyayyu ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara don ya biya jiziya, sai ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sannan ya umarci mai baitulmali ya ɗauke wa irinsa jiziya a kuma yanka musu abin da za su rayu da shi. A birnin Istanbul har yau akwai Darul Ajaza, wanda aka buɗe a 1896 zamanin Sarkin Musulmi Abdulhamid na biyu, da masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa duk a harabarsa. To ka ga ginin ba shi ne laifin ba. Abin tambaya shi ne me ake yi wa wanda ke ciki.

Yawancin waɗanda ke mutuwa ta hanyar zalunci a irin waɗannan gidaje ba duka ne ke kashe su ba, ko da yake dukan ma yana faruwa. Abin da ba a yi ba shi ke kashe su. Ya kamata mu fahimci wannan da kyau, don hukuncin da za mu faɗa a kansa ya ginu.

Ka ɗauki ƙishirwa. Tsoho ba ya jin ƙishi yadda saurayi ke ji, jikinsa yana iya bushewa bai nemi ruwa ba. Mai ciwon mantuwa kuwa yana iya kallon kofi bai tuna abin da ake yi da shi ba. Idan babu wanda ya zauna ya ba shi, cikin 'yan kwanaki sai baki ya bushe, fitsari ya ragu ya yi duhu, hankali ya gushe, ƙoda ta kasa. Mai kallo daga nesa sai ya ce ai jiki ne ya yi nauyi.

Sai gyambon kwanciya, wanda na fi so mu tsaya a kansa. Mutumin da ba ya iya juya kansa, nauyin jikinsa yana danne fata a wuraren da ƙashi ya turo: ƙasan gadon baya, kwatangwalo, dunduniya, kafaɗa. Jini ya daina kaiwa wurin, naman ya fara mutuwa, kuma cikin sa'o'i abin ke farawa, ba sai an yi makonni ba. Shi ya sa ake koya wa masu jinya su riƙa juya mara lafiya kamar bayan kowace awa biyu. Idan aka haɗa da barinsa cikin fitsari da bahaya, fatar ta jiƙe ta saɓule, ƙwayoyin cuta su shiga. Abin da ya fara kamar ɗan tabo sai ya zama rami har ƙashi, cutar ta bi jini, mutum ya tafi. A takardar mutuwa za a rubuta cutar jini. Ba za a rubuta cewa an yi kwanaki ba a juya shi ba.

Haka abinci. Tsohon da ya yi shanyewar ɓarin jiki haɗiya tana yi masa wuya. Idan aka ɗura masa yana kwance, ko aka yi sauri don akwai mutum goma suna jira, abincin ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, ko dai ya shaƙe nan take ko ciwon huhu ya biyo baya. Haka faɗuwa: ya kira a raka shi banɗaki ba a zo ba, ya tashi da kansa, ya faɗi ƙashin kwatangwalo ya karye, kuma likitoci sun san kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka yi wannan karaya ba sa cika shekara. Akwai kuma maganin da ake ba masu ciwon mantuwa don su yi shiru su daina damun ma'aikata. Tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu magungunan taɓin hankali suna ƙara yawan mutuwa a tsakanin irin waɗannan tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta kawo cewa a binciken da aka tattara, biyu cikin uku na ma'aikatan irin waɗannan gidaje sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani nau'in cutarwa ga tsofaffi a cikin shekara guda. Da bakinsu fa.

Don kada a ce labari ne, ga abin da ya faru a ƙasar da 'yar tamu take. A garin Dorval, gefen birnin Montiriyal a lardin Kebek, an taɓa yin wani gidan tsofaffi mai zaman kansa da ake kira Herron, inda a lokacin iyalai ke biyan dubban daloli kowane wata. Da annobar korona ta shigo a watan Maris na 2020, ma'aikata suka watse, wasu sun kamu, wasu tsoro ya kore su. Ranar 29 ga Maris da jami'an lafiya na yankin suka shiga, sun tarar da ma'aikatan da ba su kai yatsun hannu ɗaya ba a kan mutum fiye da 130. Tsofaffi kwance cikin ƙazantarsu, ba ci ba sha, leɓe ya tsage. Sai da wata jaridar Montiriyal ta fasa ƙwai a ranar 10 ga Afrilu duniya ta sani, washegari firimiyan lardin, François Legault, ya fito ya ce mutum 31 sun mutu a gidan cikin ƙasa da wata guda. Kafin wannan zangon annobar ya wuce adadin ya kai 47. Wasu korona ce ta kashe su, amma binciken da jami'ar binciken musabbabin mutuwa, Géhane Kamel, ta jagoranta, wanda rahotonsa ya fito a watan Mayu na 2022, ya nuna yadda aka bar mutanen nan babu mai kula da su yayin da masu gidan da hukumar lafiya ke ja-in-ja kan wane ne ke da alhaki. Masu gabatar da ƙara sun ce ba su da hujjar da za ta isa a gurfanar da kowa. Iyalai sun shigar da ƙara ta haɗin gwiwa, aka yi sulhu a kan dalar Kanada miliyan 5.5.

Wani zai ce ai annoba ce, ta fi ƙarfin kowa. To ga na Faransa, wanda tushensa ya riga annoba. A watan Janairu na 2022 wani ɗan jarida, Victor Castanet, ya fitar da littafi mai suna Les Fossoyeurs, ma'ana masu haƙa kabari, kan kamfanin Orpea mai cibiyoyi fiye da 1,000 a ƙasashe fiye da 20. Ya bayar da labarin wani gidansu na masu hali a Neuilly, gefen birnin Faris, inda kuɗin wata ke farawa daga wajen yuro 6,000, wato kusan sefa miliyan 4. Duk da haka, a cewar littafin, ana ƙayyade wa tsoho famfas uku a rana ko da cikinsa ya ɓaci, kuma abin da kamfanin ke kashewa kan abincin mutum guda a yini bai wuce wajen yuro 4 ba. Kamfanin ya musanta da farko, amma cikin kwanaki ya sallami babban daraktansa, gwamnati ta tura masu bincike, ta kai maganar gaban masu gabatar da ƙara, ta kuma nemi a mayar mata da kuɗin jama'a fiye da yuro miliyan 55. A 2024 kamfanin ya canza suna zuwa Emeis. Abin lura a nan, ba wai babu kuɗi ba ne. Lissafi aka yi a ofis, aka ga in an rage famfas ɗaya da ma'aikaci ɗaya riba za ta ƙaru.

Na uku a taƙaice, don mu mutanen zafi za mu fi gane shi. A Satumba na 2017 guguwar Irma ta lalata wutar na'urar sanyaya ɗaki a wani gidan tsofaffi a garin Hollywood na jihar Fulorida a Amurka. Aka bar su cikin zafi kwana uku, alhali ga babban asibiti a tsallaken titi. An auna jikin wata a cikinsu ya haura digiri 43, zafin da mu a Marwa ko Garwa muke kuka da shi in iska ce ta kai haka, balle jikin mutum. Likitan binciken gawa ya ce mutuwar 12 daga cikinsu kisa ce. An gurfanar da mutum huɗu, daga baya aka janye tuhumar uku, shugaban gidan kuma kotu ta sallame shi a 2023.

Ka lura da yadda waɗannan shari'u ke ƙarewa. Kotu tana samun sauƙin kama wanda ya ɗaga hannu, tana shan wuya da wanda ya naɗe hannu. To me fiƙihunmu ya ce game da mai naɗe hannu?

A nan mazhabar Imamu Malik tana da magana mai ƙarfi, wadda da yawa cikin ɗalibanmu ba su kai gare ta ba, don karatu yakan tsaya a babin tsarki da salla. Malaman ƙa'idojin mazhaba sun tattauna tambayar nan: shin barin abu daidai yake da aikata shi? Kuma a mas'aloli da yawa sun tafi a kan cewa eh, idan abin da aka bari wajibi ne kuma mutum yana da iko. Shehu Khalil a Muhtasar, da yake lissafa hanyoyin kisan ganganci, ya sa hana abinci a jere ɗaya da shaƙe wuya. Masu sharhi suka ba da misali da uwar da ta hana jaririnta nono har ya mutu: in ta nufi mutuwarsa hukuncin ganganci ne, in ba ta nufa ba diyya ce a kan danginta. A wani babin kuma ya kawo cewa wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, ko yake da rarar abinci ko ruwa ya hana wanda ya matsu, ko ma zaren da za a ɗinke raunin ciki da shi, to lamuni yana kansa. Kuma suna da madogara. An ruwaito cewa wani mutum ya nemi ruwa wurin wasu mutane suka hana shi har ƙishirwa ta kashe shi, Sayyidina Umar ya ɗora musu diyyarsa. Ba su doke shi ba, ba su taɓa shi ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, shi ma a kan haka yake: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Wane ne ya fi kama da wannan kyanwa irin tsohon da ke bayan ƙofa a kulle, ba ya iya sauka daga gado?

Gaskiya ne akwai saɓani. Hanafiyya da Shafi'iyya galibi suna ganin mai wucewa da ya ƙi ceto ya yi zunubi amma ba a ɗora masa diyya. Sai dai wannan saɓanin a kan mai wucewa ne. Gidan tsofaffi ba mai wucewa ba ne. Ya karɓi mutumin, ya sa hannu a takarda, yana karɓar lada kowane wata, iyali sun koma gida sun kwanta a kan cewa akwai mai kula. Amana ce da ijara a haɗe, kuma ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ita ce amini ba ya lamuni sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. In ya yi sakaci kuwa, ya lamunta.

Idan sakacin ya kai ga rai ba tare da nufin kisa ba, ya shiga babin kisan kuskure, wanda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta yi bayaninsa. Abu biyu ne: diyya ga magada, da kaffara tsakanin mutum da Ubangijinsa, wato 'yanta bawa, in babu sai azumin wata biyu a jere. Diyya kamar yadda muka karanta a Risala raƙumi 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma a kisan kuskure dangin mai laifi na ɓangaren uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke biya cikin shekara uku. In ka auna dinari a kan giram 4.25, ka ga zinariya kilo huɗu da kwata ke nan. Shari'a ba ta rage wa ɗan shekara 90 ko ƙwandala ba don wai saura ƙiris ya tafi. Diyyar tsohon da ba ya gane 'ya'yansa daidai take da ta saurayi majiyi ƙarfi.

A nan ne mutanenmu ke kawo maganar da na sa a kan wannan rubutu: ai kwana ne ya ƙare. Na'am, babu ran da ke fita sai ajalinsa ya yi. Amma wanda aka soka wa wuƙa ma da ajalinsa ya mutu, kuma Allah da Ya ƙaddara ajalin Shi ne Ya shar'anta ƙisasi da diyya. Da ajali yana wanke mai sababi, da babu babin jini a littattafanmu gaba ɗaya. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ne, amma shi ya zaɓa. Ƙaddara abin rarrashi ce ga wanda aka yi wa rasuwa. Wanda aka ba amana ya yi wasa da ita ba shi da damar fakewa a bayanta.

Saura tambaya mai wuya: a kan wa alhakin yake, ma'aikaciyar da ke ɗakin ko mai gidan da ke ofis? Malamai sun raba tsakanin wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya kafa sababi, kuma galibi na farkon ake kamawa. Amma sun ce idan sababin ya rinjaya har mai hannun ya zama kamar ba shi da zaɓi, to hukunci yana komawa kan mai sababi, ko a haɗa su. Mutum ɗaya ba zai iya juya mutum ashirin kowace awa biyu ba, ya shayar da su, ya wanke su, ya kuma amsa ƙararrawa. Wanda ya san haka ya tsara aikin a haka don riba, a ganina kaso mafi girma nasa ne, kuma hadisin da ya ce kowa makiyayi ne abin tambaya kan kiwonsa ya fara hawa kansa. Haka wanda ya ɗauki mutumin da bai iya aikin ba ya sake masa marasa lafiya, domin a hadisin Abu Dawuda wanda ya yi aikin likitanci ba a san shi da shi ba, lamuni yana kansa. Sai dai raba wannan kaso aikin alƙali ne da likitoci masu bincike, ba na limami daga nesa ba.

To mu dawo ga 'yar tamu. Na tambaye ta abu biyu. Na farko, kin sanar da na sama da ke cewa aikin ya fi ƙarfinki? Ta ce ta faɗa da baki fiye da sau ɗaya. Na ce madalla, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, amma nan gaba ki rubuta, ki sa kwanan wata. Na biyu, akwai takardar da kuke rubuta abin da kowa ya ci ya sha? Sai ta yi shiru. Can ta ce akwai, kuma an saba kafin a tashi aiki a cike ta duka, don in an bar gurbi faɗa ake yi. Ta rubuta cewa tsohuwar ta sha.

Na ce mata: 'yata, ruwan da ba ki samu kin ba ta ba, ina fata Allah ba zai kama ki da shi ba in dai iyakar ƙoƙarinki ke nan. Amma rubutun nan naki ne. Shaidar zur ce, kuma ita ce ta rufe idon babbar ma'aikaciyar jinya da likita, waɗanda da sun ga gurbi kwana biyu a jere wataƙila da sun sa mata ruwa ta jijiya. Wannan yana buƙatar tuba, kuma cikar tubar shi ne ki je ki faɗi gaskiya a inda ya dace, ki daina cike abin da ba a yi ba ko da za a yi miki faɗa. Na san maganar tana da nauyi ga baƙuwar da takardunta ke rataye da aikin. Amma ƙasashen nan suna da ofisoshin karɓar ƙorafi kan cutar da tsofaffi, kuma lardin Kebek yana da doka tun 2017 da ta wajabta wa ma'aikatan lafiya kai rahoton irin wannan, ta kuma hana a rama a kan wanda ya kai. Ki nemi shawarar ƙungiyar ma'aikatanku kafin ki shiga.

Game da kaffara kuwa, ba a wajabta ta da shakka, sai in masana sun tabbatar cewa rashin ruwan ne sanadi. Kuma tsohuwar ba Musulma ba ce: a mashhurin mazhabarmu kaffara a kan wanda ba Musulmi ba da ke cikin amana mustahabbi ce, sauran mazhabobi uku suna wajabta ta. Kada wani ya fahimci wannan a kan cewa ranta ba shi da nauyi. Buhari ya ruwaito gargaɗi mai tsanani kan wanda ya kashe mai alƙawari, har da haramta masa ƙanshin Aljanna. Na ce mata in ta samu iko ta yi azumin don zuciyarta ta natsu, babu laifi.

Akwai kuma 'yan'uwanmu da iyayensu ke cikin irin waɗannan gidaje a Faransa ko Amurka, suna tambaya ko ya halatta su kai ƙara su karɓi kuɗi. Ya halatta. Haƙƙi ne da Allah Ya ba magada, ana raba shi kamar gado, kuma maganar nan ta "mu ba ma cin kuɗin jini" al'ada ce, ba hukunci ba. Wanda ya yafe kasonsa ya yi kyau, amma babu mai ikon yafe kason maraya. Sau da yawa ma ƙarar ita ce ke sa a gyara wa waɗanda suka rage a gidan.

Ba zan rufe ba sai na faɗi wani abu da ya shafe mu nan gida, don a nan ne na fara sanin gyambon kwanciya, ba a littafi ba. Shekarun baya an kira ni wankan gawar wani dattijo. Gida ne babba, 'ya'ya da jikoki cike, ana ta cewa Baba ya sha jinya, Allah Ya hutar da shi. Da muka juya shi, abin da na gani a ƙasan bayansa ba zan siffanta shi a takardar da yara ke karantawa ba. Mai wanka amini ne, yana suturta abin da ya gani, shi ya sa ba sunan gida ba unguwa. Amma na kira babban ɗansa gefe bayan an dawo daga maƙabarta, ya rantse mini bai sani ba, kuma na yarda da shi. Kullum yana leƙawa da safe ya gaishe shi daga bakin ƙofa, yana ba da kuɗin magani, ya bar sauran ga wata yarinya 'yar shekara goma sha uku da ba ta iya ɗaga mutumin ba. Babu wanda ya ƙi Baba a gidan nan. Kowa ya ɗauka wani yana yi.

Saboda haka na roƙi kwamitinmu na ziyarar marasa lafiya su ƙara abu kaɗan a kan addu'ar da suke yi. In kun shiga wurin wanda ya daɗe a kwance, maza ga maza mata ga mata, ku nemi izini a duba baya da kwatangwalo da dunduniya. A fata irin tamu tabon ba lalle ya yi ja ba, yakan yi duhu fiye da gefensa, ko ya yi tauri ko zafi in an taɓa. Ku duba baki ko ya bushe, ku tambayi sau nawa ya yi fitsari, ku tambayi wane ne ke juya shi da dare, da sunansa. In aka ce "ai duk muna yi", ku zauna da su a raba kwanakin kafin ku fita. Ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya ya amsa zai nuna yadda ake juya mara lafiya da zane ba tare da mai juyawar ya ji ciwon baya ba, ranar Asabar bayan La'asar a harabar masallaci, mata kuma za a sanar da tasu ranar ta hannun malamarsu.

Maganar wane ne aƙila a wannan zamani da dangi suka warwatsu, da ko kamfanin inshora ko ƙungiyar ma'aikata za su iya tsayawa a matsayinta, tana buƙatar zama na daban, za mu kawo ta a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wallahu a'alamu.